Yaron da Ya Fi Ka Iya Jita

A teburin mai shayi gardamar ta faro, bayan sallar isha'i, kuma ba a kan kiɗa ta faro ba. Wani abokina malamin Islamiyya, wanda muka tashi unguwa ɗaya, yake cewa duk haɗuwar da ta juya rayuwar mutum rubutacciya ce, babu hannun kowa a ciki. Na ce, "Malam, rubutacciya ce, ban musa ba. Amma bari in ba ka labarin wasu yara a Libaful." Ya ce shi ƙwallo ba ta dame shi ba. Na ce ba ƙwallo ba ce, jita ce. Ya ja tsaki, amma ya gyara zama.

Ranar Asabar ce, 6 ga Yuli 1957, cocin St Peter da ke unguwar Woolton yana bikinsa na shekara. Cikin masu nishaɗantar da jama'a akwai wasu 'yan sakandare da suka sa wa kansu suna Quarrymen, daga sunan makarantarsu, Quarry Bank. Kada ka ɗauka wasu makaɗan kirki ne. A lokacin wani kiɗa da ake kira sikiful ya cika Ingila, tun da waƙar Lonnie Donegan ta yi kasuwa a 1956, kuma abin da ya sa yara suka rungume shi shi ne ba ya cin kuɗi. Ɗaya yana kankarar allon wanki. Wani ya kife akwatin ganyen shayi, ya kafa masa sandar tsintsiya, ya ɗaura igiya, shi ke nan ya sami abin bugawa mai kauri. Kamar dai yadda mu muka yi gurmi da gwangwanin madara da wayar birkin keke. Shugabansu John Lennon, ɗan shekara 16, ko saita tsirkiyar jitarsa bai iya ba. Mahaifiyarsa Julia ta koya masa kamun banjo, shi kuwa ya ɗora shi a kan jita haka nan, yana amfani da tsirkiya huɗu cikin shida. Inda baitin waƙa ya ɓace masa sai ya ƙago nasa, ya murtuke fuska kamar haka aka rubuta.

Bayan sun sauka, wani maƙwabcinsa mai suna Ivan Vaughan ya shigo zauren cocin da abokin karatunsa, Paul McCartney, ɗan shekara 15. Yaron bahago ne. Ya karɓi jitar na-dama, ya gyara tsirkiyoyinta, ya juya ta a kife, ya buga waƙar Eddie Cochran mai suna "Twenty Flight Rock" tun daga farko har ƙarshe, bai ci baiti ko ɗaya ba. Daga wannan yammacin ne aka sami Beatles, ƙungiyar da ake lissafa ta a sahun farko na masu sayar da faifai a tarihin duniya.

Malam ya tafa hannu. Ya ce, "To ai kai ka kawo hujjata da bakinka." Kuma ya yi gaskiya, domin in ka bi zaren sai ka rasa inda za ka sa hannun mutum. Ivan da Paul rana ɗaya aka haife su, 18 ga Yuni 1942, makaranta ɗaya aka kai su, gidan su Ivan kuma yana kusa da gidan da John ya tashi a hannun yayar mahaifiyarsa. Wa ya tsara wannan? Da Paul ya kwana da zazzaɓi, ko da ya ga tafiyar ta yi masa nisa, da an tashi biki an share fili ba wanda ya sani. Ƙaddara ta riga fata, na yarda.

Sai dai labarin bai ƙare a zauren ba, kuma guntun da ya rage shi ne ya hana ni barci. John ya koma gida da ƙaya a zuciya. Shi ne sarkin ƙungiyar, shi ke waƙa, shi ake kallo, sauran duk abokan wasansa ne da ba mai iya ja da shi. Yanzu ga ƙaramin yaro ya zo ya nuna masa a gaban yaransa cewa ko ɗaurin jita bai iya ba. Shi da kansa ya faɗa a hirarrakinsa na baya cewa ya tsaya ya auna: ya bar ƙungiyar da rauninta ya ci gaba da sarauta, ko ya shigo da wanda zai iya shafe shi don ƙungiyar ta yi ƙarfi. Ya zaɓi na biyu. Bayan 'yan kwanaki Pete Shotton, mai allon wankin nan, ya ci karo da Paul a kan keke ya isar masa da saƙo.

Malaman tauhidi sun daɗe a wannan mararrabar. Jabariyya suka ce mutum kamar gashin tsuntsu ne a iska, ba shi da kataɓus. Mu'utazila suka ce mutum ne ke halittar aikinsa. Imam Ash'ari ya bi tsakiya da abin da ya kira kasbu: Allah ke halittar aiki, bawa ke ɗaukarsa ya zama nasa. Tun muna zaure nake jin wannan bayani kamar wasa da kalma, har sai da na dube shi ta kan yaron nan. Zuwan Paul zauren ba aikin John ba ne. Zafin da ya ji a ƙirji ma ba shi ya kira shi ba, hassada ba ta sallama. Amma akwai ɗan taƙi tsakanin jin zafin da aika saƙon, kuma a wannan taƙin babu kowa sai shi.

Malam ya ce, "Ita ma zuciyar a hannun wa take?" Na ce a hannun Allah, amma John bai leƙa Lauhul Mahfuzi ba. Abin da ya gani yaro ne da jita a kife, kuma a kan abin da mutum ya gani ake tambayarsa. Hukuncin kiɗa kuwa wata gardama ce daban, mun yi ta da Malam har mun gaji, ranar ban bari ya ja ni can ba.

Akwai wurin da kalmar ƙaddara ta zauna daram a labarin nan, ba wanda zai ɗaga ta. Mahaifiyar Paul, Mary, ta rasu a Oktoban 1956 sanadin ciwon dajin mama. Ranar 15 ga Yuli 1958 mota ta buge Julia a titi, kusa da gidan da John yake zaune, ta mutu. Babu zaɓin yaran a nan ko ƙwayar zarra, kuma Paul ya sha faɗin cewa maraicin nan ya ƙara ɗaure su. Malamai suna cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kan laifi ba. Mu kuwa mun iya juya zancen: musiba ta same mu, mu nemi wanda ya yi mana asiri; mu yi laifi, mu ce haka Allah ya so. Lokacin da Beatles suka sallami mai gangarsu Pete Best a Agustan 1962, ana dab da ɗaukaka, ko fuskantarsa ba su yi ba, manajansu Brian Epstein suka tura. A wajen Best wannan ƙaddara ce, ya haɗiye ta ya yi shekaru yana aikin gwamnati. A wajen waɗanda suka ɓuya, sunanta daban ne. John ɗin da ya ci jarrabawa a 1957 yana cikinsu.

Daga nan na gaya wa Malam abin da ya sa labarin ya maƙale mini. Muna aji huɗu a sakandare ni ne shugaban ƙungiyar wasan kwaikwayo. Aka kawo wani yaro daga wani gari, siriri, wandonsa bai kai idon sawu ba. Wata rana a ɗakin cin abinci ya kwaikwayi muryar shugaban makaranta, har mai rabon tuwo ya saki mara ya riƙe ciki. Da yamma ya same ni, ya ɗan rusuna ya ce, "Yaya, ina so in shiga." Na duba littafin sunaye kamar mai lissafi, na ce masa mun cika. Mu tara ne, wasan da muke shiryawa kuwa na mutum goma sha biyu ne. Duk sanda ya faɗo mini a rai, nakan ce ai ba rabonsa ba ne.

Malam ya daɗe yana juya cokali a kofi. Can ya tambaye ni ko ina tuna sunan yaron. Na faɗa masa har da na mahaifinsa, shekara talatin da ɗoriya ke nan. Mai shayi ya fara kife bencina, muka biya shi muka tashi.