Wanda Ya Ƙoshi Ba Maci Amana Ba Ne



Akwai wata tambaya da ba a cika kawo wa malamai ba, saboda masu ita suna ganin ta yi ƙanƙanta. Mutum ne ya shekara goma ko sha biyar yana wani abu na sha'awa. Abin ba haramun ba ne, ba wanda ya kore shi, bai kuma gaza ba. Kawai wata rana ya wayi gari ya ji zuciyarsa ta sauka daga kai. Ya bari ne ko ya daure? In ya bari, ya ci amanar waɗanda suka saba da shi a wajen? Shekarun da ya zuba fa, sun tafi a banza kenan?

Da gangan zan ɗauko misali daga nesa, wato wasan hoki na ƙanƙara a Kanada. Da na ɗauko ƙwallon ƙafa, kafin in kai tsakiyar magana an rabu gida biyu a kan Arsenal da Chelsea, an manta da abin da ya tara mu.

Hoki wasa ne da ake yi a kan daskararren ruwa. 'Yan wasa shida kowane ɓangare har da gola, suna sanye da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa, suna koran wani ɗan faifan roba baƙi da sanduna zuwa raga. A Kanada abin ya wuce wasa, ya zama al'ada, daren Asabar ma kusan nasa ne a talabijin tun 1952. Babbar gasarsu, NHL, tana da ƙungiyoyi 32 a Kanada da Amurka, kuma shekaru da yawa kowace ƙungiya tana buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu, sannan a shiga zagayen neman Kofin Stanley har watan Yuni. Musulmi ma suna ciki. A 2022 Nazem Kadri, ɗan asalin Lebanon da aka haifa a garin London na lardin Ontario, ya ci kofin da ƙungiyar Colorado, ya kuma ɗauko shi ya kai masallacin garinsu.

To, a ce ga wani bawan Allah a Toronto. Ba ɗan wasa ba ne, ba a biyansa ko sisi. Shi dai tun yana saurayi ya ɗora wa kansa bin ƙungiyar garin: ya kalli kowane wasa, ya riƙe lissafi, ya yi sharhi, har aka san shi da haka, ana jiran a ji ta bakinsa. A agogon wasa minti 60 ne, amma da hutu da tsaye-tsaye yakan ci kusan awa biyu da rabi. Wasa 82 ya ba ka awa 205. Ƙara masa awa biyu a kowane wasa na karatu da sharhi da musu, ka samu kusan awa 370, wato kwanakin aiki 46 a shekara. Kuma yawancin wasannin da ƙarfe bakwai na yamma ake farawa, lokacin da yara suke gida, tukunya ta sauka. Yana ɗan shekara 22 wannan lokacin nasa ne shi kaɗai. Yana ɗan 36, da mata da 'ya'ya uku da mahaifiya mai ciwon ƙafa, lokacin ya samu masu haƙƙi a cikinsa. Wasan bai canja ba, kuɗinsa ne ya tashi.

Amma ba lissafin awanni ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne nauyin da irin wannan mutum yake ji idan ya zo bari. Sai ka ji yana cewa ai an san ni da dagewa, ai mumini ba ya fara abu ya bari. Wani ma har ya jawo hadisin da ya zo a Bukhari da Muslim a kan cewa Allah Ya fi son aikin da aka dawwama a kai ko da kaɗan ne, ko gargaɗin da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Abdullahi ɗan Amr kada ya zama kamar mutumin da ya saba tsayuwar dare sannan ya daina. Ɗan uwa, an ɗauko riga an sa wa wanda ba nasa ba. Waɗannan nassosin a kan ibada suke, a kan abin da ake neman kusanci ga Allah da shi. Hoki kuwa, da duk wani wasa mai tsabta, mubahi ne. Ma'anar mubahi a wajen malaman usul ita ce yi da bari daidai suke, babu zargi a kowanne. Wanda ya ɗauki mubahi ya ɗaura wa kansa shi kamar farilla, shi ya ƙirƙiro wa kansa bashin da ba wanda yake binsa.

Ku duba ƙissar Nana A'isha (RA) ranar da Habashawa suke wasa da masu a masallaci. Annabi (SAW) ya tsaya ya kare ta, tana leƙe ta kafaɗarsa tana kallo. Bai hana ta ba, bai gaggauta ta ba. Ya tsaya har sai da ita da kanta ta ƙoshi, ya tambaye ta ko ya ishe ta, ta amsa, sannan ta tafi. Yawanci muna kawo wannan ƙissa don mu kafa hujjar halaccin kallon wasa, kuma haka ne. Amma rabin ƙarshen nan shi nake so mu riƙe yau: abin da ya kawo ƙarshen kallon ba zunubi ba ne, ba tsawa ba ce, ƙoshi ne. Ba ta buƙaci ta ce wasan ya yi muni kafin ta juya ba.

A nan ne mu masu riƙo da addini muke yawan zamewa. Mutum ya gaji da abu, amma yana jin kunyar ya ce na gaji, sai ya nemo masa fatawa. Jiya shi ne kan gaba, yau ya dawo yana cewa duk lagwu ne, duk masu yi gafalallu ne. Wallahi wannan ba taƙawa ba ce, neman mafaka ne. Ka zalunci abokanka da suka ci gaba, ka zalunci kanka na shekarun baya, sannan ka jingina wa shari'a hukuncin da ba ta yanke ba. In dalilinka gajiya ce, ka ce gajiya ce. Ta isa.

Kar a ce na ce komai lafiya. Idan sha'awar ta kai mutum ga fitar da salla daga lokacinta, ko ta ja shi cikin caca, wannan wani babi ne daban, sunansa tuba, kuma ba a jiran a ƙoshi kafin a yi ta. Haɗarin ma ba na wasa ba ne, domin tun 2021 Kanada ta halatta yin caca a kan wasa guda, tallar kamfanonin caca kuwa ta cika lokutan nuna wasa. Amma ba wannan mutumin muke magana ba.

Tarihin hoki da kansa ya nuna mana cewa hanyar fita ba ɗaya ba ce. Bobby Orr, wanda ya ci kofi da Boston a 1970 da 1972, gwiwarsa ce ta yanke masa hukunci. Bayan tiyata a kan tiyata ya ajiye takalmi a 1978 yana ɗan shekara 30. Irin wannan ba a tuhumarsa, kowa tausaya masa yake. Wanda ya fi jan hankalina shi ne Ken Dryden, golan Montreal. Ya ci Kofin Stanley sau shida, huɗu daga ciki a jere daga 1976 zuwa 1979, sannan a wannan shekarar ta 1979, yana ɗan 31, ƙafarsa lafiya, ƙungiyarsa na kan ganiyarta, ya ce ya isa. Ba shi da uzurin da zai nuna wa jama'a irin na Orr. Mutum ne da ya karanta lauya a jami'ar McGill tun yana wasa, ya san akwai sauran abin da yake so ya yi da rayuwarsa. Kuma lura da abin da ya biyo baya: bai koma yana zagin wasan ba. Ya rubuta littafi a kansa, daga baya ya shugabanci ƙungiyar Toronto, a 2004 ya shiga majalisar dokokin ƙasar har ya zama minista. Ya bar raga ba tare da ya tofa mata yawu ba.

Sai dai akwai wajen da nake so mai niyyar bari ya tsaya ya yi wa kansa hisabi, domin ba duk abin da ya yi kama da ƙoshi ne ƙoshi ba. Wani fushi ne, ƙungiyarsa ce ke ta shan kashi. Magoya bayan Toronto rabonsu da kofi tun 1967, ka ga kuwa dole a samu masu rantsuwa duk ƙarshen kaka cewa sun bari, Oktoba na zuwa ka gan su a gaban talabijin. Wani kuma ba hoki kaɗai ya fita daga ransa ba, abinci ma ya fita, hira ta fita, barci ya ƙi. Wannan ba shawarar barin sha'awa yake buƙata ba, yana buƙatar wanda zai zauna da shi, wataƙila ma likita. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce a ɗaga ƙafa na ɗan lokaci ba tare da shela ba. A kakar 2004 zuwa 2005 rikicin albashi tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ya sa ba a buga ko wasa ɗaya a NHL ba, ba a ba kowa kofi ba. Shekara guda cur kowane mai bin gasar ya samu damar jin abin da ke ransa, ko kewa ce ko sauƙi. Kai ma kana iya ba kanka wata biyu. In ka ji kewa, so yana nan. In ka ji kamar an sauke maka buhu daga ka, to dama sabo kake ɗauke da shi, da tsoron kar a ce wane ya ɓace.

Maganar amana kuwa, a nan ne take da gaskiya, amma ba inda ake zato ba. Wasan ba ya binka komai. Ƙungiyar ba ta san da zamanka ba, gobe za ta sayar da gwaninka ba tare da ta tambaye ka ba. Waɗanda suke da haƙƙi su ne mutanen da sha'awar ta haɗa ka da su. Sau da yawa wasa mayafi ne kawai, abin da ke ƙarƙashinsa zumunci ne. Ga baƙon da ya sauka Kanada bai san kowa ba, hirar wasan jiya tana iya zama ƙofar da ya fara shiga zuciyar maƙwabcinsa da abokin aikinsa. Wani dattijo a cikinsu ma wataƙila ba wanda ke kiransa a waya sai kai, ranar wasa. To in za ka tafi, ka yi sallama, kar ka sulale. In akwai alkawarin da ka ɗauka, ka cika ko ka nemi afuwa. In akwai aikin da ke hannunka, ka miƙa wa mai iyawa da duk abin da ka tara. Dattijon nan kuma ka ci gaba da kiransa, ko da hirar ta koma ta jikoki da ciwon baya.

Ka kuma san inda awa 370 ɗin nan za su tafi tun kafin ka kwance su. Lokaci ba ya zama fili babu mai shi. In ba ka ba iyalinka da karatunka ba, waya za ta cinye shi tas, ka wayi gari ka bar abin da ke sa ka tunani da lissafi ka koma shafa gilashi da ɗan yatsa.

Abu ɗaya da nake roƙo, kar ka rantse. Kar ka ce wallahi har abada, don ba ka san yadda zuciya za ta juya ba, kuma ba dalilin da za ka jawo wa kanka kaffara a kan mubahi. Gordie Howe ya yi ritaya a 1971 bayan kaka 25 da ƙungiyar Detroit, aka yi masa ban kwana. A 1973, yana ɗan shekara 45, ya sake ɗaura takalmi a Houston, domin ya samu damar buga wasa a ƙungiya ɗaya da 'ya'yansa biyu, Mark da Marty. Bai sake ajiyewa ba sai 1980, yana da shekara 52.

Allah Ya sa mu dace.