Wasiyya ga Muridai bisa Dukiyar da Ɗan Kasuwa Ya Bari

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Magajin ƙasa da abin da ke bisanta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa ma'abota wuridi na Birnin Kebbi da Argungu da garuruwan bakin gulbi, ni tsoho ne, na daɗe ina zama inda ake rabon gado. Ban ga wurin da ƙafar muridi ke zamewa ba kamar ranar da ubansa ko wansa ya rasu ya bar rumfa a kasuwa, ko sito cike da shinkafa, ko injin casa, ko jirgin su. Gona tana jiran damina, amma rumfa gobe za a buɗe ta, kuma wanda mabuɗi ke hannunsa shi Shaiɗan ke fara yi wa raɗa.

Ku sani, tun sa'ar da rai ya fita mabuɗin nan ya zama amana. Shehu Usmanu, wanda ya rasu 1817, Allah shi yarda da shi, ya lissafa cikin Nurul Albabi cewa yana daga miyagun al'adu babba shi haɗiye gado duka shina cewa shi ne makwafin uba. Kada a sami wanga hali ga mai riƙe da tasbaha.

Fasali. Farkon abin da ya wajaba, a kira adilai biyu a ƙidaya kaya a rubuta, tun daga buhu har mudu, a karɓi littafin bashi. A fitar da abin da ba na mamaci ba: ajiyar mutane, da rabon abokin tarayya, da jarin da aka ba shi shi juya. Sa'an nan a bi jerin da Shaihu Halilu ya tsara cikin Muhtasar: haƙƙin da ya rataya ga wani abu, kamar jingina, sa'an nan likkafani da jana'iza gwargwadon al'ada, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya daga sulusin abin da ya saura, sa'an nan magada. Babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda.

Ku lura da bashi ƙwarai. Risala ta bayyana cewa bashin da ke kan mamaci ajalinsa ya yi da mutuwarsa, amma wanda shike bin mutane shina nan har lokacin da anka yanke. Saboda haka ku biya dillalin da ya ba shi taki ko da girbi bai yi ba, manomin da ya karɓi iri zuwa kaka kuwa kada ku matsa masa. Sadakin da bai cika ba bashi ne. Ya zo a hadisi cewa ran mumini a rataye shike saboda bashinsa har a biya. Wane amfani sadakar bakwai da ta arba'in za su yi, alhali mai bin bashi shina tsaye ƙofar gida?

Fasali. Allah da kansa ya yanke rabo cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176. Ga misali. Mutum ya bar uwa, da mata 3, da 'ya'ya maza 6, da mata 5, abin da ya saura naira 2,400,000. Asalin mas'ala 24, kowane kaso naira 100,000. Uwa tana da sudusi, kaso 4. Matan aure suna da sumuni, kaso 3, kowacce ɗaya. Saura 17: kowane ɗa 2, kowace ɗiya 1. Ɗiyar da ke aure a Kamba ko Yauri tana da haƙƙi cikin kowane buhu kamar yadda ɗan da ya tsufa a rumfa shike da shi. In ɗaya daga cikin matan tana da ciki, a dakata da rabo har ta haihu.

Abin da ba shi rabuwa sai da ɓarna, kamar inji ko jirgi, masana su yi masa kima. In wani magaji ya nemi a sayar, ana tilasta wanda ya ƙi. In sun so ci gaba da ciniki tare, a rubuta rabon kowa da ladan mai tsaron rumfa gaban shaidu. Wasiyyi shina iya juya dukiyar marayu don amfaninsu, shi miƙa masu ita da shaidu in sun kai hankalin riƙonta. Aya ta 10 ta faɗi abin da mai cin ta da zalunci ke zubawa cikinsa, wuta ce.

Fasali. Kuɗin da ke banki ba a sakinsu sai da takardar kotu, kada kowa shi zare su ta wayar mamaci a ɓoye. In anka yi saɓani ku tafi ga alƙali. Tsarin mulki na 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon duba gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, akwai ta a Birnin Kebbi. Zuwa gaban alƙali ba yanke zumunta ba ne. Abin da ke yanke ta shi ne shirun shekara goma, gwauruwa tana kallon rumfar mijinta kunya ta hana ta magana.

Ya kai muridi, mayar da haƙƙin mutane sharaɗi ne na tuba. Istigfari ɗari safe da maraice ba shi wanke buhu guda na maraya. Wuridi iri ne, halal ita ce ƙasarsa. In akwai abin wani a hannunka, ka tafi gare shi kafin ka zauna da'irar zikiri ta wagga Juma'a. In kuwa kai ne mai rumfa, ka rubuta abin da ake binka da abin da kake bi tun yau, ka sanar da amintacce inda takardar take.

Allah shi jiƙan magabatanmu, shi sauke masu nauyin bashi, shi sa mu cika da imani babu haƙƙin kowa a wuyanmu. Amin. Tammat bi hamdillahi wa husni aunihi.