Hakkin Wanda Ya Fara Hangowa

A zamanin da, in mai tsaron ganuwa ya hango ƙurar mahara daga nesa, ba a cewa ya gama aikinsa sai ya buga kuge mutanen gona sun ji. In ya gani ya yi shiru, ko kuwa ya gaya wa na kusa da shi kaɗai, alhakin wanda aka kama yana wuyansa.

To, masu tsaron yau sun hau abin da ya fi ganuwa tsawo. Tun 1978, sa'ad da Amurka ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Nimbus-7, masana ke duban launin teku daga sama, gama inda gansakuka ta yi yawa ruwa ya kan sāke kama. Ta haka aka lura, daga 2011, wata irin gansakuka mai kama da ciyawa, wadda a ke kira sargasam, ta soma yaɗuwa a tsakiyar tekun Atlantika. A 2018 ta shimfiɗu kamar mil 5,500, daga gaɓar Afirka ta Yamma har mashigin Meksiko, nauyinta ya haura tan miliyan 20. In iska ta koro ta bakin gaɓa sai ta cika taru, ta sarƙe injin kwalekwale, sa'an nan ta ruɓe tana warin baragurbi. Masuntan yammacin Gana sun ɗanɗana wannan.

Wata jami'a a Florida ta kan fid da labarin inda ciyawar ta ke kowane wata, kyauta. Waɗansu su kan ce da wannan masana sun fita hakki. Ba a raina ƙoƙarinsu ba, ba kuwa su suka shuka ta ba. Amma labarin da Turanci ya ke, cikin intanet, mutumin da ya ci bashi ya sayi man injin kuwa ba can ya ke nema ba. An buga kugen, sai dai a cikin ɗaki.

Kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Girgije ya kan rufe wa tauraro ido, ba ya kuma iya faɗin ranar da ciyawar za ta sauka a ƙauye kaza. Watau akwai saura, kuma sauran yana kan waɗanda suka iya karatun hoton suna kuma jin harshen masunta: ma'aikacin kamun kifi, da mai labaru a rediyo, da sarkin masunta wanda a ke tambaya da asuba ko a tura jirgi ruwa.