Ko Duk Mai Ilmi Malami Ne?

Akwai wata ƙa'ida da ke ɗaure wa mutane kai. Mutum ya shekara huɗu a jami'a yana karatun lissafi, ya ci jarrabawa, an ba shi digiri. Ya zo neman aikin koyarwa, sai a ce masa tukuna. Sai ya koma ya ƙara kamar shekara guda yana koyon yadda ake koyarwa, ya sami difloma ta aikin malanta, sa'an nan ya ci jarrabawar Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wadda dokar 1993 ta kafa, kana a ba shi lasin. Waɗansu suna cewa wannan wahalarwa ce kurum, wai wanda ya san abu ai ya iya faɗinsa.

Ni ban yarda ba, ku kuwa da kuka koyi karatu da girmanku ku ne shaiduna. Kun san akwai wanda karatu ke zuba daga bakinsa kamar ruwa, amma in ya tsaya gaban allo sai ya yi ta gudu, ya bar ku a baya kuna kallonsa. Ba mugunta ba ce, ya dai manta da ranar da shi ma bai iya rarrabe b da d ba. To, abin da ake koya masa cikin shekaran nan ke nan: yadda hankalin yaro ke girma, yadda ake gutsuttsura darasi ya yi daidai da bakin mai ci, da yadda ake shirya tambayar da za ta nuna ko an gane, ko kuwa hadda ce kawai.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A zauren malamai, almajiri ba ya buɗe littafi ya karantar da wasu sai malaminsa ya ba shi izni. Kwalejin Katsina ma, da aka buɗe a 1922, don horon malamai aka yi ta. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa can ya yi karatu, ya yi shekaru yana koyarwa a Midil ta Bauchi, duk da haka a 1945 ya tafi London ya sake zama ɗalibi don ƙaro sanin aikin. Ba mu ji an ce girmansa ya ragu ba.

Amma me ya sa sai da lasin? Ku duba. Mai sayen doki yana buɗe bakinsa ya ga haƙora, in bai gamsu ba ya bar shi. Yaro ɗan shekara shida ba shi da wannan dama. Wanda aka kawo masa shi ne malaminsa, ubansa kuwa yana gona, watakila ma bai iya duba littafin ɗansa ba. Ɓarnar tela ana ganinta ran da aka sa riga, ta malami kuwa sai bayan shekara shida, sa'ad da yaro ya fita bai iya rubuta wasiƙa ba, ƙuruciyar kuma ta wuce. Saboda haka lasin shaida ce da hukuma ke bayarwa a madadin wanda bai iya bincike da kansa ba.

Shaida kuwa tana iya zama ta zur. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta jarraba malaman firamare kimanin 33,000 da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 sun kāsa. Ƙungiyar malamai ta yi gardama a kan yadda aka yi jarrabawar, ba kuma zan raba musu wannan gardama a nan ba. Abin da na lura da shi shi ne, kowane ɗayansu sai da wani ya sa hannu a takardarsa kafin ya shiga aji.

A ganina nauyin ya fi yawa a kan 'yan makonnin nan da ake tura ɗalibi wata makaranta ya gwada koyarwa, malaminsa ya bi shi ya duba. Haƙuri ba ya fitowa a takardar jarrabawa. Sai an zauna a bayan aji za a ga ko in yaro ya ba da amsar da ba daidai ba ana tsawata masa ne, ko ana bin sawun kuskuren har a gano inda ya ɓace. Mai dubawan da ya tsaya ofishin hedimasta ya sha ruwa, ya cika takarda, ya hau mota ya koma, ya shaidi abin da bai gani ba. Ɗalibin zai karɓi lasin ɗinsa, ya yi kamar shekara talatin yana koyarwa da shi, kowace shekara ana kawo masa sabon aji.