Maƙwabcin Dare Ɗaya



Tambayata ta yau: mutumin da za ku kwana wuri ɗaya, gari ya waye ku rabu, wataƙila har abada, yana da wani haƙƙi a kanka?

Inda na fi ganin nauyin wannan tambaya shi ne jirgin ƙasan kwana na Masar, wanda ke tashi daga Alƙahira da dare, ya bi gaɓar kogin Nilu, ya ratsa Luksor, ya isa Aswan da safe. Tafiyar kusan kilomita 900 ce, awa 13 ko sama. Na shige shi muna ɗalibta. Kowane ɗaki gado biyu ne, sama da ƙasa. In gado ɗaya ka biya, sai a haɗa ka da wanda ba ka taɓa gani ba, a ja ƙofa.

To fa! Nan babu wanda ya san gidanku, babu wanda zai kai labarinka unguwa. Shi kuma ga shi ya yi barci, wayarsa da kuɗinsa a gefen matashi, baki buɗe, yana minshari. Ya miƙa maka amanar da bai miƙa wa abokansa na shekara 20 ba, kuma ko sunanka bai riƙe ba.

A aya ta 36 cikin Suratun Nisa'i, Allah Ya jera waɗanda za a kyautata wa, har da abokin da ke gefenka. An ruwaito daga Ibn Abbas da Mujahid cewa abokin tafiya ne. Ban ga inda aka gindaya sharaɗin sai kun daɗe tare ba.

Haƙƙin nasa a wannan ɗaki ƙanana ne, amma a nan ake gane mutum. Dattijo ne? Bar masa gadon ƙasa, kada ya yi ta fama da tsani. Ya kwanta? Kashe fitila, ka fita waje da hirar wayarka. Ka tashi asuba? Yi alwala a hankali, ibadarka ba lasisin tashin mai barci ba ce. Sannan abin da ka gani na barcinsa ka bar shi cikin jirgin. Wallahi abin takaici ne yadda yanzu ake ɗaukar hoton mai barci a mota a watsa don dariya.

Wani zai ce, ai ba za mu sake haɗuwa ba. Wannan ɗin ne ma ya ƙara wa abin nauyi. Maƙwabcin gida in ka saɓa masa, gobe ka je ka nemi afuwa. Wanda ya sauka Luksor da sassafe ya shige cikin jama'a, ina za ka same shi? Haƙƙinsa na nan a wuyanka sai ranar da babu biya da kuɗi.

Allah Ya sa mu rabu da abokan tafiyarmu babu haƙƙin kowa a kanmu.