Ko Kowace Hanya Ta Halatta Domin Neman Waraka?

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi ne, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya da aikinta: akwai ta jini, akwai ta fata, akwai ta ƙashi. Amma akwai waɗansu da ba su riga sun kama aiki ba tukuna, su ne ke haifar sauran. Bari mu kira su ƙwayoyin tushe. Likitoci suna sa zuciya a kansu ƙwarai, gama idan wani sashe na jiki ya lalace, watakila da su za a sabunta shi.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Ɓargon da ke cikin ƙashinmu yana ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi, su ne ke yin sabon jini kullum. A 1968 likitoci a Amurka suka ɗebi ɓargon wata yarinya suka sa wa ƙanenta, yaron kuwa ya rayu. A 1984 aka ga irin wannan dashe ya warkar da ciwon sikila, ciwon da ya fi yawa a Nijeriya fiye da kowace ƙasa. A nan ba abin da zai dami lamirin kowa. Mai bayarwa ya yarda, ɓargonsa kuma yana komawa kamar dā.

Damuwa ta taso ne a 1998, sa'ad da James Thomson na Jami'ar Wisconsin ya ciro ƙwayoyin tushe daga ɗan tayin mutum mai kwana biyar ko shida. Waɗannan sun fi na ɓargo iko nesa, domin suna iya zama kowane irin nama na jiki. Amma in an ciro su, ɗan tayin ya rushe ke nan.

To, ga tambayar: ko daidai ne a ɓata rai a farkonsa domin a ceci wani rai?

Kada mu yi saurin ɗaukar masu cewa i a kan mugaye ne. Suna cewa, abin bai kai ƙwayar gero girma ba, ba shi da zuciya, ba ya jin zafi. Kuma ragowa ne daga asibitocin da ke taimakon marasa haihuwa, in ba a yi aiki da shi ba zubarwa za a yi. Ga kuma makaho da shanyayye suna jira. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo, wanda bai taɓa kwana yana jinyar ɗansa ba kada ya raina wannan magana.

Duk da haka mu duba da kyau. Kowane ɗayanmu ya taɓa zama kamar wannan ɗan abu, ba wanda ya tsallake wannan mataki. In ƙanƙanta ce ke rage darajar mutum, ashe jariri bai kai babba daraja ba ke nan. In kuwa mun ce ai ko da ma zai mutu, wannan hujja za ta hau kan tsoho da ke bakin kabari. Ba mu cire ƙodar mai gargarar mutuwa ba da izninsa ba, ko da za ta ceci mutum biyu. Mutum ba kayan aiki ba ne a hannun ɗan'uwansa. Maharbi ma, in ya ga motsi a ciyawa bai tabbata ko dabba ce ko mutum ba, ba ya sakin kibiya.

Wani zai ce, ashe sai mu bar marasa lafiya su yi ta wahala? Ba haka ba ne. Wani likita a Japan, Shinya Yamanaka, ya ba da labari cewa ya taɓa duban ɗan tayi a madubi, sai 'ya'yansa mata suka faɗo masa a rai, ya ƙudura neman wata hanya. A 2006 ya mai da ƙwayoyin ɓera suka koma na tushe, a 2007 ya yi haka da ƙwayoyin fatar mutum. Aka ba shi kyautar Nobel a 2012. A 2014 kuma, a birnin Kobe, aka dasa wa wata tsohuwa nama a ido wanda aka yi daga fatarta. Gardamar ba ta ƙare ba, gama har yanzu akwai masu aiki da 'yan tayi. Amma an ga cewa lamiri ba ya tare hanyar ilimi, wani lokaci shi ne ke nuna masa sabuwar ƙofa.

Akwai sauran abu ɗaya. A 2023 Ingila da Amurka suka yarda da sabon maganin sikila, inda a ke gyara ƙwayoyin ɓargon mai ciwon a mayar masa. Kuɗinsa a Amurka ya wuce dala miliyan biyu. Wane manomi ne zai iya? Idan muna kāre ɗan tayin da ba mu gani ba, amma muka manta da yaron da ke kuka a gidan maƙwabcinmu, jinƙanmu rabi ne.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu gode wa Allah domin hikimar da ya ba likitoci, mu kuma riƙa tambaya ta wace hanya aka samo magani. Kafin ya iso gare mu kuwa, akwai abin da ke hannunmu: samari da 'yan mata su gwada jini kafin aure, masu lafiya su ba da jini a asibiti, ekklesiya kuma ta ɗauki nauyin masu jinya tare da su.