Waƙar Mai Jiran Takarda da Sharhinta: Hukuncin Duban Karta Domin Neman Sikolashif

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin ɓoye da bayyane. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, waɗannan baitoci ne da na tsara game da wata al'ada da ta shigo wa 'ya'yanmu ɗalibai a zangon Paga, da Bawku, da Yendi, da Salaga. Yaro ya gama sakandare, ya cika takardun neman sikolashif, wato tallafin karatu, ya aika, sa'an nan jira ya yi masa tsawo, sai ya tafi wurin mai duban karta, ko ya buɗe wayarsa ya sami mai yi masa, domin a gaya masa zai samu ko ba zai samu ba. Ba na raina damuwarsa. A zamanin Alhaji Umaru, Bakanon da ya zauna Salaga ya rasu a Kete Karaci a 1934, guzurin mai neman ilmi ƙafarsa ce da ayarin goro. Yau kuwa ɗan talakan da ke son Jami'ar Tamale, ko ta Naborongo da ke maƙwabtaka da Paga, ko Azhar, ko Madina, in babu mai ɗaukar nauyinsa sai zama.

Ɗan'uwa mai jiran takarda,
Riƙe zuciyarka, bar karta.

Mai zanenta bai san gobe ba,
Ina ta samo abin da ta furta?

Sharhi: Ka sani, Allah Ya yi maka rahama, wannan karta Turawa suna kiranta tarot. Guda 78 ce, 22 manya masu hotuna, kamar hoton rana da wata da mutuwa da wawa, sauran 56 kuwa an kasa su gida huɗu. A arewacin Italiya aka ƙago ta, a garuruwa irin su Milan da Ferrara, wajen shekarun 1440, kuma domin wasa aka yi ta, sarakuna da attajirai suna bugawa. Ta fi shekara 300 a hannun 'yan wasa kafin duba da ita ya zama sana'a. Sai a 1781 wani Bafaranshe mai suna Court de Gébelin ya rubuta cewa wai asirin malaman Masar ta dā ne aka ɓoye a cikin hotunan. Ya faɗi haka alhali a lokacin babu wanda ya iya karanta rubutun Fir'aunonin, domin sai a 1822 aka warware shi, kuma da aka warware ba a sami wannan zance a ciki ba. Irin wadda ta fi yawo a hannun masu duba yanzu, a Landan aka buga ta a 1909. To, wannan shi ne asalin shaihin da ɗanmu ya durƙusa gabansa yana tambayar rabonsa.

Ni a ganina kadan tafkin Paga ya fi mai karta amana. Ana kawo masa kaza ya fito a gan shi, ya koma ruwa, bai taɓa ce wa kowa ya san gobe ba.

Hukuncinta kuwa a fili yake. Larabawan jahiliyya suna da kibau da ake kira azlamu, ɗaya mai umurni, ɗaya mai hani, ɗaya babu rubutu, in za su yi tafiya ko aure sai su zaro guda. Allah Ya haramta wannan a wuri biyu cikin Suratul Ma'ida, a aya ta 3 da ta 90. Wanda ya zaro kibiya daga jaka da wanda ya zaro kati daga tari, aikinsu ɗaya, kayan aiki ne ya sake. Ƙarshen Suratu Luƙman kuma ya lissafa abin da rai zai aikata gobe cikin abubuwan da Allah Ya keɓanta da saninsu. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare 40. Malamai suka ce ladan ne ya tafi, amma sallar tana nan a wuyansa, dole ya yi ta. Ka lura, a wannan ruwaya tambaya kaɗai aka ambata. Saboda haka mai cewa "Malam, ni wasa nake yi, ban yarda da ita ba" bai tsira ba. Kuma ina tambayarsa: in ba ka yarda ba, me ya sa gabanka ya faɗi da hoton mutuwa ya fito?

Manomi ya ga hadari ya kintsa,
Ba gaibu ba ne ya karanta.

Sharhi: Kada wani ya fahimci cewa son auna rabo shi ne laifin. A'a. Akwai awon da shari'a ba ta hana ba, shi ne kintace ta hanyar sabubban da ido ke gani. Ɗalibin da ya ɗauki sakamakonsa na WASSCE ya haɗa makin darussa shida, ya san cewa 6 shi ne ƙololuwa kuma duk abin da ya wuce C6 ba kiredit ba ne, ya tambaya gurbi nawa aka ware, mutum nawa suka nema bara, wane sharaɗi aka gindaya na shekaru ko na fanni, wannan hankalinsa ya yi wa aiki. In ya ce "ina zaton zan samu" ko "da wuya", zato ne mai dalili, ana iya gyara shi in sabon labari ya zo. Ita kuwa karta ba ta ga takardarka ba, ba ta san masu zaɓen ba. In aka sake cuɗa ta yanzu, amsa dabam za ta bayar a kan tambaya ɗaya.

Mai musu zai ce: ai ta gaya wa wane zai samu, ya kuwa samu. Na ji. Amsar nan iri biyu ce kawai, e ko a'a, ko jariri aka tambaya zai dace wani lokaci. Wanda aka dace a kansa shi ke yawo da labari a tasha, waɗanda aka yi wa ƙarya kunya ta hana su magana.

Akwai musun da ya fi wannan nauyi, kuma ba zan tsallake shi ba. Yaro zai ce: wane sabab kake magana a kai, alhali abin na masu hanya ne? Ofishin sikolashif na gwamnatin Gana a 1960 aka kafa shi, kuma a 2024 'yan jaridar The Fourth Estate suka bayyana cewa tallafin da aka tanada domin haziƙai marasa hali ya faɗa hannun 'ya'yan manya da makusantan masu mulki. Wanda ya ji wannan yana Bawku, inda rikici ya sha hana yara zuwa aji, ba abin mamaki ba ne ya ɗauki al'amarin kamar caca. Amma zaluncin da mutane suka yi, sunansa zalunci, ana kai ƙararsa, ana fallasa shi, kamar yadda waɗancan suka fallasa. In muka mai da shi sa'a da rashin sa'a muka miƙa wa karta, mun wanke azzalumi ke nan, mun kuma ƙara wa mai duba kuɗin da yaron zai biya na fom.

In ta ce e, ka saki jiki,
In ta ce a'a, ka kwanta.

Sharhi: A nan ɓarnar take, ko da mun ajiye maganar zunubi. In ta yi maka bushara, sai ka bar neman wata ƙofa, ka ƙi cika takardar Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ko ta asusun GETFund, kana jiran abin da aka alkawarta maka. In aka samu, godiyar da ta cancanci Allah da iyaye da malamai sai a raba ta da takarda mai hoto. In kuwa ta yi maka mugun baki, sai ka shiga ganawa da masu zaɓe jiki a sanyaye, ko ka ƙi zuwa sam, sa'an nan ka ce ai ta faɗa. Ba ita ta sani ba, kai ka cika mata maganarta da ƙafarka.

Kar mu tsine wa ta Turawa,
Mu ɓoye tamu ƙarƙashin fata.

Mai istihara zaɓi ya roƙa,
Ba labarin gobe ya buƙata.

Sharhi: Wannan baiti namu ne, mu masu rawani. Da wuya uwa a Yendi ko Salaga ta san tarot, amma ta san zauren da ake zana ƙasa a faifai, da inda ake watsa wuri, da inda ake ja wa mutum tasbaha a ce an yi masa istihara. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi inkarin masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa a cikin Nurul Albabi. Imamu Ƙarafi, Bamalike, ya kawo daga Ɗurɗushi cewa bugun ƙasa, har da buɗe Mus'hafi domin neman amsa, duk reshen azlamu ne. Fatan alherin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake so, kyakkyawar kalma ce da mutum ya ji ba tare da ya je ya haƙo ta ba.

Istiharar da Jabir ya ruwaito, wadda ke cikin Buhari, raka'a biyu ce ta nafila da addu'a, mai bukata shi ke yin abinsa. A cikinta bawa yana shaida cewa shi bai sani ba, ya roƙi a sauƙaƙe masa al'amarin in alheri ne ga addininsa da rayuwarsa da ƙarshensa, a kawar masa da shi in sharri ne. Babu sharaɗin mafarki a ciki. Tambayarta ma dabam ce: mai karta "zan samu?" yake tambaya, mai istihara kuwa "ya dace da ni?" Wurinta shi ne kafin ka zaɓi ƙasa ko fanni, ko ranar da takardu biyu suka zo maka dole ka ɗauki ɗaya. In an riga an aika fom, abin da ya rage shi ne addu'a, da shirin ganawa, da duba ranar da za a rufe karɓar takardu a ƙofa ta gaba.